Bukkata ta Awon Iskar Rana

Rabon da na samu a gonar Baba wani lungu ne can ƙarshe, inda ƙasa ta fara zama tsakuwa. In ka bar Keffi ka kama hanyar Panda, sai ka ratse ka ajiye mota ka ƙarasa da ƙafa. Ba wanda ya so wurin. Doya ba ta yi, mota ba ta shiga, wayar lantarki kuwa ko a mafarki. Ranar rabon gado da na ce ni shi nake so, matan gidanmu suka kalli juna, wata gwaggona ta ce, "Shi ke nan, boko ya ƙarasa ta." Ban tanka mata ba, alhali duk unguwar Yara an san ba a taɓa ni in yi shiru. Murna ce ta rufe mini baki. Abin da suka raina a wurin shi nake nema: ba titi, ba waya, ba ƙarfe.

Fiziks nake koyarwa a jami'a, kuma abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa shi ne iskar rana. Bari in yi bayani yadda nake yi wa Inna, mahaifiyata, duk da ita kafin in kai rabi ta fara gyangyaɗi. Rana ba haske da zafi kaɗai take aiko mana ba. Kullum tana feso wata irin iska da ido ba ya gani, iskar da zafi ya yi wa yawa har ƙwayoyinta suka rarrabu suna ɗauke da lantarki. Irin wannan iskar muke kira filasma. Da tana isowa kanmu kai tsaye da ta daɗe da yi wa duniya illa, amma Allah ya kewaye duniya da garkuwar maganaɗisu, sai iskar ta daki garkuwar ta kewaye ta wuce. Akwai wasu kumbuna da aka ajiye can tsakaninmu da rana, ba su da aiki sai auna iskar nan: gudunta, kaurinta, da inda maganaɗisun da ta ɗauko ya fuskanta. In ya fuskanci kudu, to garkuwar ta buɗe, ƙarfin ya shigo.

Kumbo yana gaya mana abin da ke tahowa. Abin da ya aikata bayan ya iso kuwa, sai na ƙasa ya faɗa. A nan Keffi ta shigo maganar. Can sama, a kan ƙugun duniya, akwai wani kogin lantarki da ke gudana daga hantsi zuwa la'asar, kuma garinmu yana kusa da ƙarƙashinsa. Tambayata guda ce tun ina ɗaliba: in iskar rana ta daki garkuwar, yaya kogin da ke kanmu yake amsawa, kuma bayan minti nawa? Wasu nahiyoyin sun cika da na'urorin awo. Tamu nahiyar sai ka ƙirga da yatsu.

Wasu abokan karatuna na ƙasar waje, masu aiki da bayanan kumbunan, suka ara mini na'urar awon maganaɗisu. Ba ta fi filas ɗin shayi girma ba. Sharaɗinsu shi ne a binne ta inda ba ƙarfe, kada a motsa ta, ta yi ta awo tun rana tana kwance har ta tashi. Don rana ma tana da nata halin: takan lafa, sannan ta yi ta hasala har ta kai ƙololuwa tana jefo guguwa, sannan ta sake lafawa, zagaye ɗaya wajen shekara goma sha ɗaya. Na binne tawa na'urar lokacin da rana take barci. Awon kwanciyar hankali nake tarawa don in sami abin da zan gwada da shi ranar da ta tashi. Tashin da ke tafe shi ne nawa. Na bayansa, in ma da rai, zai same ni na yi ritaya ina jinyar gwiwa.

Na sa aka haƙa rami aka binne ta, aka yi mata bukka a kai don rana da ruwan sama. Bangon ƙasa, jinkar ciyawa ɗaure da igiya, ƙofar zana. Tsohon da ya yi mini aikin ya ce, "Dakta, ko ƙusa ɗaya?" Na ce, "Ko ɗaya, Baba. In na ga ƙusa a ɗakin nan, ni da kai ne." Batir da farantin sola da akwatin da ke tattara awon yana turawa ta iska, duk na kai su nesa, gindin wata ɗorawa a bakin gonar, na ja doguwar waya ta ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda zai kusanci bukkar sai ya zube kayansa a gindin ɗorawar nan: makulli, wayar hannu, bel, awarwaro, har fil ɗin hijabi. Ɗalibaina suna ce mini 'yar sandan ƙarfe a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba.

Akwai rugar Fulani kusa da rafin da ke ƙafewa duk bazara. Na je na gaishe da dattijon rugar muka daidaita. Shanu ban da matsala da su, saniya ba ta yawo da makulli. Amma adda da babur su tsaya can nesa. Suka riƙe alkawari fiye da wasu masu digiri da na sani. Wata tsohuwa cikinsu ita ke kawo mini kindirmo duk ranar da ta hango ni, tana kirana mai bukka.

Shekaru na yi a haka, kuma wallahi su ne shekarun da na fi jin daɗin aikina. Kowace safiya in na buɗe kwamfuta sai in ga layin da awona ke zanawa, sumul, ya hau da hantsi kamar tudun doya, ya sauko da yamma. In kumbo ya ce iska ta ɗan motsa, sai in duba nawa in ga Keffi ta amsa. Har abokan nan nawa suka fara cewa tashata tana cikin masu tsabta. Ni da ban cika fara'a ba, har murmushi nake yi wa masu gadin ofis.

Mutum ɗaya ne bukkar nan ta hana sukuni, shi ne Yaya, babban wana. Shi ya tsaya mini na yi karatu mai zurfi lokacin da dangi suka ce ya isa haka, kuma tun rasuwar Baba shi ne uban gida. Sana'arsa sayar da kayan gini: kwano, rodi, siminti, ƙusa, ƙofofin ƙarfe. Kun ga inda ƙaddara ta haɗa mu. Abokansa na majalisar ƙofar shago ba su bar shi ya huta ba. Wai mai sayar da kwano ne guda, ƙanwarsa Dakta tana aikin gwamnati a cikin ciyawa kamar mai gadin gyaɗa. Yana dariya tare da su, amma abin yana cinsa.

Duk faɗuwar damina sai ya zo mini da maganar.

"Dakta, ki bari in rufa miki kwano mana. Ga shi jibge a shago."

"Na gode, Yaya, ba na so."

"Haba, ni ne fa."

"Wallahi, Yaya, ba kunya nake ji ba. Injin ne ba ya son ƙarfe."

"To, to, na ji," in ji shi, yana murmushin nan da ke ƙona mini rai.

A gidanmu ba a karɓar kyauta a tayin farko. In an miƙo maka abu sai ka ƙi, a sake miƙowa ka sake ƙi, har sai mai bayarwa ya ajiye ya yi tafiyarsa. Wanda ya karɓa da wuri makwaɗaici ne. Inna ko shayi ka haɗa mata sai ta rantse ta ƙoshi kafin ta shanye. Haka aka rene mu duka. Saboda haka duk rantsuwar da na ƙara, Yaya tarbiyya yake gani. Yakan ma je ya ba Inna labari yana yabona, wai duk bokon da na yi ban zubar da kawaici ba.

Da na ga magana ba ta shiga, sai na kai shi gonar da kaina. Na zauna a gindin ɗorawa da kwamfuta, na ce ya ɗauki tarin makullan shagonsa ya nufi bukkar. Yana kusantar ta layin ya zabura. Na kira shi ya dawo ya gani. Kai, Yaya ya ji daɗin abin nan kamar yaro. Ya koma ya sake, ya sake, yana karkaɗa makullan yana ƙyalƙyala dariya, yana cewa injin nan da aljani a cikinsa. Na ce, "Ka gani ko?" Ya ce, "Na gani, wallahi na gani. Abu mai tsada haka, a cikin ciyawa! Yaro ɗaya ya yar da ashana an gama." Na yi tsaki na rufe kwamfutar.

Sai rana ta fara farkawa. Ƙananan guguwowi suka fara zuwa, ina kama su ɗaya bayan ɗaya, ina jiran manyan. A wannan shekarar ne Allah ya kira ni aikin Hajji. Na so in ɗaga, Inna ta ce in na ɗaga kiran Allah saboda rami, kada in ƙara shigo mata ɗaki. Na'urar ba ta buƙatata kullum, tana aikinta ita kaɗai, don haka na shirya. Kwamfutar ma Inna ta ƙwace ta ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce ibada zan je yi ba lakca ba. Da zan tafi na ce wa Yaya ya riƙa leƙa mini gonar daga nesa, kada a taɓa komai. Ya ce in tafi da kwanciyar hankali.

A garinmu in mutum ya tafi Makka, na gida ba sa zama haka nan. Kafin ya dawo an shafe ɗakinsa da fenti, an canja labule, an gyara ƙofa, don kada masu zuwa barka su ga abin kunya. Ba a gaya masa, daɗin abin shi ne ya dawo ya tarar. Mun yi wa Inna, mun yi wa Yaya, ni ma da hannuna a ciki. To ni tun rasuwar maigidana a gidan ma'aikata nake zaune, inda ko fenti ba ka shafawa sai da izini. Abin da ke nawa na kaina a duk faɗin duniya, lungun gonar nan ne.

Na dawo lafiya. Aka yi ta shiga da fita, ina raba dabino da zamzam, muryata duk ta dushe. Na tambayi Inna kwamfutata ta ce in bari baƙi su ragu. Na lura Yaya ya yi baƙi ya rame, amma bakinsa ba ya rufuwa don fara'a. Washegarin walima da hantsi ya shigo da babbar riga ya ce, "Hajiya Dakta, taso, akwai inda za mu." Mota uku muka yi, da Inna da gwaggonni da abokansa na majalisa.

Da muka ratse daga hanyar Panda, motar ba ta tsaya inda muke ajiyewa ba. Ta ci gaba. An faɗaɗa 'yar hanyar ƙafar, ga sawun tipa ya nutse a laka. Kafin mu kai ɗorawa na hango wani abu shuɗi yana walƙiya ta cikin dawa, na ce a raina, ya Allah, ka sa gonar maƙwabta ce.

Ba ta maƙwabta ba ce. Inda bukkata take, ɗaki ne na bulo, fes, an shafe shi da farin fenti. Rufin shuɗin kwano mai kauri, irin wanda ya fi kowane tsada a shagon Yaya. Ƙofar ƙarfe mai nauyi, tagogi biyu da sandunan ƙarfe don ɓarayi. Ginshiƙan kusurwa huɗu, na san cikinsu rodi ne, don Yaya ba ya aikin algus. A gefe kuma, taku kaɗan daga bangon, hasumiyar ƙarfe ce ɗauke da tanki, ga farantan sola a jere, ga famfuna suna zuba, matan ruga sun jera kwanoni.

Yaya ya kama hannun rigarsa ya nufi ɗakin yana bayani. "Ramin naki ko taɓa shi ba a yi ba. Ni na tsaya a kai da kaina, tun daga tushe har rufi. Kewaye shi muka yi. Makullaina ma kullum a mota nake barinsu, kamar yadda kika koya mini. Bohol ɗin kuma na ce tunda an zo, a yi wa Baba sadaka mai gudana a gonarsa."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Yaya! Me ka yi mini? Ban ce maka ba na son ƙarfe ba? Sau nawa na rantse maka?"

Ya juya wajen abokansa. "Kun ji ta ko? Ta je Makka ta dawo, kunyar tana nan daram."

Aka kwashe da dariya. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Hawayen baƙin ciki suka ɓalle mini, sai na ji ana cewa, "Allah sarki, kukan daɗi take yi." Na buɗe baki zan ƙara, Inna ta damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Dattijon rugar ya ɗaga hannu ya fara addu'a ga Baba, kowa ya shafa, ni ma na shafa.

Ranar na karɓo kwamfutata. Layin da na sani sumul ya koma kamar haƙoran zarto. Ina iya nuna ranar da tipa ta fara sauke rodi, da ranar da mai walda ya zo. Bayan an gama ginin ma abin bai kwanta ba. In an buɗe ƙofar nan layin ya yi tsalle. In iska ta kaɗa kwano ya yi rawa. In famfon bohol ya tashi sai ya haye sama, in gajimare ya rufe rana ya faɗo. Kuma famfon da sola yake aiki, wato daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin da kogin lantarkin da nake aunawa yake gudana. Na yi makonni ina ƙoƙarin wanke awon da lissafi. Ina! Abin da nake nema ya fi dattin ƙanƙanta, duk wankin da ya fitar da dattin sai ya tafi da shi.

Na je Yara na sami Inna a ɗakinta tana gyaran wake. Na ce, "Inna, Yaya ya kashe mini aiki."

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba, Inna. Sai an cire ginin nan. Har bohol ɗin, ya yi kusa."

Ta ajiye faifan ta dube ni. "Tun da kika tafi bai zauna a shago ba. Rana ta gasa shi a gonar nan. Garin nan kaf an san abin da ya yi miki, har a masallaci an yi maganarsa. Ki ce a rushe, ki ga ko zai ƙara fita da kansa a ɗage. Ruwan kuma fa? Ladan ubanki za ki toshe yana kabari?"

"Inna, shekaru na yi ina jiran wannan lokacin."

"Rana tana nan, ba inda za ta. Kya auna ta wani lokaci."

Na tashi na fita ban yi sallama ba. A zaure na tsaya na yi kuka na share ido, don kada 'ya'yan Yaya su gani.

Duk da haka ban haƙura ba. Na sami Yaya a bayan shago, inda ba kowa, na buɗe masa kwamfuta na nuna masa layin da da na yanzu. Na yi magana a hankali, abin da ba na iyawa. Ya daɗe yana kallo. Na ga fara'ar nan tana barin fuskarsa kaɗan kaɗan.

"Wato ɓarna na yi miki."

"Ban ce ba, Yaya."

"Kin ce mana, Dakta."

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Wani ya leƙo yana neman ƙusa, ya tashi ya je ya auna masa.

Bayan kamar mako biyu ya kira ni in same shi a gona. Na tarar ya kawo kafinta an yi wa ɗakin silin na katako. An lulluɓe ƙofar ƙarfen da katako ciki da waje. Sandunan tagogin an naɗe su da igiya ɗaya bayan ɗaya, ƙafafun hasumiyar an kewaye su da zana. Ya ce kafintan ma da turakun icce ya sa shi ya yi aikin inda zai yiwu. "Duba ko'ina," in ji shi. "Yanzu ba ƙarfen da ake gani. Ya yi?" Idanunsa sun faɗa, ya tsare ni da su. Maganaɗisu ba ido gare shi ba, katako da zana da igiya duk ɗaya suke da iska a wajensa. Na san haka tun ina aji ɗaya na sakandare. Na dubi igiyar nan da aka naɗa da haƙuri, na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Ya sauke ajiyar zuciya.

Na gwada mayar da na'urar wata kusurwa. Lungun nawa ƙarami ne, duk inda na tsaya hasumiyar tana kaina. Kuma ruwa da hanya ba sa zuwa su kaɗai. Kafin a girbe dawa, masu gonakin gefe sun fara yanka fuloti suna sayar wa ma'aikatan Abuja. Aka kafa turaku, aka zubo bulo, wani mai walda ya kafa rumfa da janareta. Na bi hanyar Nasarawa ina neman wani wurin, na samu inda ya yi shiru amma ba mai tsaron da zai yarda ya kwana a can, kuma ko na samu, awo daga farko zai fara, ba shi da na baya da za a gwada shi da shi. Rana kuwa ba ta jira. Abokaina na waje suka yi mini haƙuri iyakar ƙoƙarinsu, sannan suka aiko da saƙo mai ladabi cewa sun cire tashata daga jerin waɗanda ake amfani da su, in riƙe na'urar har Allah ya kawo wani wurin. Ladabin saƙon ya fi mini zafi a kan a ce zagina suka yi.

Ban kashe ta ba. Na bar ta tana rubuta shirmenta, ni kuma ina dubawa kowace safiya kamar mai leƙa majinyacin da likita ya riga ya sallama.

Babbar guguwar ta zo da bazara. Ina ofis da safe na duba wayata na ga abin da kumbunan ke aikowa. Gudun iskar ya haura inda ban taɓa gani da idona ba, maganaɗisunta ya juya kudu ya zauna a can ya ƙi dawowa. Saƙonni suka fara shigowa daga ko'ina, kowa yana murna da abin da tasharsa ke kamawa. Kuma a wajenmu hantsi ne, kogin yana kan gudana, lokacin da na yi ta roƙon Allah ya sa ta zo. Na bar ajin da zan shiga na figi mota.

Na tarar da gonar cike. Rafi ya ƙafe, rijiyoyin ƙauyukan gefe sun ja baya, kowa ya dawo bohol ɗin Baba. Layin kwanoni da jarkoki ya kai har ɗorawa. Shanu suna turereniya a kwamin sha, babura sun jingina da bangon ɗakin na'urata, can gefe mai walda yana feshin wuta. Ban gaishe da kowa ba. Na ratsa su na je na kashe famfon.

Ruwan da ke tankin bai da yawa, nan da nan famfunan suka fara tari suka ɗauke. Na zauna a gindin ɗorawa na buɗe kwamfuta. Guguwar tana nan cikin layin, wani ƙaton lotsawa da ko ɗalibin aji ɗaya zai gane. Amma mintocin da nake nema, daidai lokacin da Keffi ta amsa, sun nutse cikin walda da babura da ƙofar da wani ke jingina da ita. Kashe famfon bai tsinana komai ba. Na ɗaga kai na dubi sama. Fari fat, zafi kawai, ba abin da ido zai gani. Duk abin da na ba rayuwata yana faruwa a kaina a daidai lokacin, ni kuma ina zaune a ƙarƙashinsa da makauniyar na'ura. Ban taɓa jin na tsufa ba sai ranar.

Tsohuwar nan mai kindirmo ta ƙaraso da kwanonta a hannu, jikarta goye a baya tana kuka. Ta ce, "Hajiya, ya lalace ne?"

Na ce, "Bai lalace ba, Inna."

Na tashi na je na kunna. Da ruwan ya dawo mata suka yi ta sa mini albarka, wai Dakta ta gyara.

Bayan 'yan kwanaki muna zaune a tsakar gida a Yara, Yaya yana hira da Inna, ya ce jama'a sun yi wa bohol ɗin yawa, tanki ba ya cika, mai gyara ya ce sai an ƙara farantin sola ko da ɗaya ne. Ba da ni yake ba, hira ce kawai.

Washegari na je gona da safe. Na zare wayar batir, 'yar fitilar akwatin ta mutu. Na kwance farantina daga jikin sandarsa, na goge shi da gefen mayafina, na kira Yaya na ce ya zo da mai gyaran. Da ya iso na miƙa masa.

Ya ce, "A'a, Dakta, injin naki fa?"

Na ce, "Ya gama aikinsa, Yaya."

Fuskarsa ta washe yadda rabona da ganinta tun ranar da muka zo gonar da motoci uku. "Alhamdulillahi! An samu abin da ake nema ke nan?"

Na ce masa ya riƙe da kyau, gefen farantin yana yanka hannu. Ya rungume shi ya nufi hasumiya yana ƙwala wa mai gyaran kira. Ni kuma na shiga mota na koma ofis, ina da aji.

Da la'asar ya kira ni a waya yana dariya, wai in zo in gani da idona, tankin ya cika har yana zuba.